Bizit teknik (binciken lafiyar mota) a Yamai: abin da ake dubawa, da gaskiyar zancen sabuwar mota

Tambayar da ta fi yawa a bakin gareji a Yamai, daga wanda bai jima da ɗauko mota ba, ita ce: "Malam, ai tawa sabuwa ce, ko ita ma sai ta shiga bizit?" Amsar tana rataye da abin da mai tambayar yake nufi da sabuwa, domin a garin nan mota iri uku ake kira da wannan suna, kuma ɗaya ce kawai cikinsu ke da bakin neman sassauci.

Ta farko ita ce wadda ta fito daga gidan dillalin kamfani da ledarta, ba a taɓa yi mata rajista ko'ina ba. Ta biyu ita ce wadda aka kawo daga Dubai ko wata kasuwa irinta, kilomitarta kusan sifiri ce, amma ta yi shekara ɗaya ko biyu tana shan rana a filin ajiya. Ta uku, wadda ita ce ta cika titunan Yamai, ita ce okaziyo, ƴar Kwatano: sabuwa ce a hannun mai ita, amma ta yi shekara goma ko sha biyar tana aiki a Turai ko Amurka kafin ta hau jirgin ruwa. A da yawancinsu ta Malanbil da Gaya suke shigowa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar Lome da Burkina Faso ta ɗauki kaso mai yawa. Ko ta ina ta biyo, shekarunta suna nan, sabon fenti da sabuwar lamba ba sa rage su.

A yawancin ƙasashen da ake ɗaga wa sabuwar mota ƙafa, daga ranar rajistarta ta farko ake lissafi, ba daga ranar da mai ita ya biya kuɗi ba. A Faransa, inda binciken ya zama dole tun 1 ga Janairu 1992, motar gida tana shiga bizit na farko cikin wata shida kafin ta cika shekara huɗu, daga nan kowace shekara biyu. A Ingila shekara uku ce, sannan kowace shekara. Jamus da Japan shekara uku, sannan kowace shekara biyu. Ko a Turan ma tasi da motar ɗaukar marasa lafiya ba su da wannan hutu mai tsawo, shekara ɗaya ake ba su, saboda sassaucin ya danganta da aikin da mota take yi, ba da shekarunta kaɗai ba. To Corolla ta 2012 ta wuce duk waɗannan wa'adodi tun tana can. Kuma "shekara huɗu" da ake yawan ji a bakin masu sayar da mota dokar Faransa ce. Ba ita jandarma zai karanta maka a hanyar Doso ba. Nijar tana cikin ƙasashen UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka fitar da umarni mai lamba 16 na 2009 a kan binciken lafiyar motoci, kuma a nan ma motar haya da ta kaya sun fi motar gida yawan komawa layin bincike. Saboda haka wanda ya sayi mota dal daga gidan dillali, ranar da ake miƙa masa makulli ya nemi a rubuta masa ranar bizit ɗinsa na farko tare da sauran takardun rajista. Wanda ke da takardar bizit a hannu kuwa, ranar ƙarewa tana rubuce a jikinta, ita ce abin bi, ba lissafin maƙwabci ba.

Gane shekarun mota ba shi da wuya. A takardar rajista ta Turai, layin da ke da harafin B shi ne ranar rajistar farko, layin E kuma lambar shasi. Lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce, babu I, babu O, babu Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Harafin farko yana faɗin ƙasar ƙira: J Japan, W Jamus, K Koriya, L Sin, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, abu na goma a jerin shi ne shekarar samfuri: A 2010, B 2011, haka har L 2020, M 2021. Idan mai sayarwa ya ce ta 2018 ce alhali harafi na goma D ne, ta 2013 ce aka sauya wa fuska da fitilu.

Hukuncinmu a kan hidimar kanta shi ne: bizit ya cancanci kuɗinsa, har ya fi, amma da sharaɗi biyu, wato motar ta shiga layi da gaske, mai ita kuma ya karɓi takardar sakamako ya karanta alƙaluman. Babu garejin unguwa da zai auna maka ƙarfin birkin kowace taya daban. Makanike mai hannu zai iya jin ƙarar rulma, zai iya gane rotil (mahaɗar ƙafar mota) da ya saki, amma ƙafarsa ba za ta gaya masa cewa tayar hagu tana kamawa fiye da ta dama da kashi 35 cikin 100 ba. Wannan aikin na'ura ne, kuma shi ne ainihin abin da ake biya.

Kafin a je, a haɗa kart giriz (takardar rajistar mota), asirans mai rai, binyet, tsohuwar takardar bizit in akwai, da katin shaida. Motar da ta shigo kwanan nan a riƙe mata takardun duwan. Kuɗin ya bambanta da nau'in mota. A biya a wurin biya, a karɓi rasit. A je da sassafe, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ga kuma ɗaukewar wuta da kan tsayar da na'urori. Aikin layin kansa bai fi rabin awa ba idan komai na tafiya, jira ne ke cin yini. A wanke ƙarƙashin mota kwana ɗaya kafin nan, ba a safiyar ba: laka tana ɓoye yoyon mai da tsagewa, jiƙaƙƙen birki kuma yana ba da sakamakon ƙarya. A sauke kaya daga but, a bar tiriyangil, abin kashe gobara, jak da tayar sauyi mai iska.

Matakin farko shi ne tantancewa, kuma mutane da yawa a nan suke makalewa tun ba a taɓa ƙarfe ba. Ma'aikaci zai gwada lambar shasi da ke buge a jikin mota da wadda ke kart giriz, ya duba lambar gaba da ta baya, launi, irin man da injin ke sha da yawan kujeru. Harafi ɗaya da magatakarda ya juya, 8 ta zama B ko 5 ta zama S, ya isa ya mayar da mutum ofis. Haka wanda ya sauya injin esans da na gazuwal, ko ya mayar da farar mota baƙa, ko ya ƙara benci a Hiace bai gyara takarda ba. A nemi wurin lambar tun a gida, a goge ta da tsumma da ɗan gazuwal. Kada a kankare ta da ƙarfe ko a shafa mata fenti, domin lambar da aka taɓa tana jawo zargin da ya fi tsatsa wahalar wankewa.

Daga nan mota takan taka wani faranti a ƙasa a hankali, direba bai riƙe sitiyari da ƙarfi ba. Farantin yana auna yadda tayoyin gaba ke jan gefe, da mita a kowace kilomita. Alƙalamin yana da sauƙin fahimta idan aka ɗora shi a kan hanya: motar da ta ba da mita 10 a kilomita, in ta tashi daga Yamai zuwa Tawa, kimanin kilomita 550, ta ja tayoyinta a kaikaice tsawon kilomita biyar da rabi. Shi ya sa taya ke cinyewa ta gefe guda cikin wata uku. Maganinsa saitin ƙafa, amma sai bayan an sauya rotil ko silanbulok (robar mahaɗar ƙafa) da ya mutu. Wanda ya yi saiti a kan sassan da ke wasa, ramin farko da ya faɗa zai warware masa aikin.

Gwajin amotisar, abin da ke shanye girgizar hanya, yana biye, inda faranti ke girgiza kowace taya don a ga yadda take manne da ƙasa. Abin lura shi ne bambancin hagu da dama, don haka biyu biyu ake sauya amotisar. Iskar taya tana taɓa sakamakon sosai, a daidaita ta tukuna.

Sai birki, wanda shi ne zuciyar bizit. Ana sa tayoyin gaba a kan wasu gangunan ƙarfe biyu masu juyawa, direba ya taka birki sannu a hankali har su kusa tsayawa, sannan a yi na baya, sannan birkin hannu. Allo zai nuna ƙarfin kowace taya da ma'aunin daN, wanda kusan daidai yake da nauyin kilo ɗaya. Abu uku ake cirowa. Na farko jimillar ƙarfi idan aka gwada da nauyin mota: motar da ta auna kilo 1,300, tayoyinta suka ba da 280 da 270 a gaba, 130 da 120 a baya, jimilla 800, ta sami kusan kashi 61 cikin 100. A ma'aunin Turai, inda da yawa daga cikin waɗannan motoci suka fito, ƙaramar mota tana buƙatar aƙalla kashi 50, wadda aka yi wa rajista daga 2012 kuma 58, birkin hannu 16. Na biyu bambancin hagu da dama a tayoyin gaba, ko a na baya. In hagu ta ba da 280, dama ta ba da 180, bambancin ya kusa kashi 36, ya haura iyakar 30. Mai irin wannan mota ba ya jin komai a cunkoson Katako ko Wadata, inda ba a wuce gudun keke. Ranar da saniya ta ratso masa kwalta bayan Dogon Dutsi yana gudun 100, lokacin da mota ke cin mita 28 a kowace daƙiƙa, ranar ce za ta fizge shi zuwa hannun masu tahowa. Na uku rawar allura: in ƙarfin yana hawa da sauka alhali ƙafa ba ta motsa ba, disk ya lanƙwashe ko tambur ya daina zama da'ira.

Abin da ke kawo bambancin nan a Yamai sananne ne. Yashi da ruwan damina suna shiga ta robar da ta yage, fistan ɗin birki ko sandunan da yake zamewa a kansu su cije. Ko man birki ya yoyo daga silinda ya jiƙa takalman birkin baya. Ko mai mota ya sa sabon plaket (takalmin da ke matse disk ɗin birki) a gefe ɗaya ya bar tsoho a ɗayan don ya rage kuɗi. Ko bututun roba ya kumbura ta ciki, yana barin mai ya tafi amma ba ya barinsa ya dawo. Duk waɗannan gyaran yini ɗaya ne. Plaket kuwa, wanda ya sa sabo jiya kada ya kai mota yau. Sabon plaket bai gama zama a kan disk ba, yana buƙatar ya yi kwana biyu ko uku na zirga-zirgar gari kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa.

Akwai abin da gangunan ba sa gani, kuma ya kamata a faɗe shi: tsufan man birki. Man DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska. Sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. A layin bizit birki a sanyaye yake, zai ci gwaji lafiya. A doguwar hanya da kaya, bayan an taka shi sau biyar a jere, mai ya tafasa, feda ta nutse har ƙasa. Kowace shekara biyu ake juye shi gaba ɗaya, lita ɗaya ta isa ƙaramar mota, kuma kada a ƙara daga kwalbar da ta daɗe a buɗe.

Masu Prado da Land Cruiser da duk motar da ke jan ƙafa huɗu a kowane lokaci su gaya wa ma'aikaci tun kafin a hau gangunan. Juya tayoyin gaba alhali na baya suna tsaye, ko akasin haka, yana takura wa giyar tsakiya, motar ma tana iya tsalle ta fita, don haka akwai tsarin gwaji na dabam da ake yi musu. Mai Hilux ya tabbata tana kan 2H. Mai birkin hannu na maɓalli shi ma ya faɗa.

Bayan birki sai rami. A nan ne ake gane ma'aikacin da ya san aikinsa, domin ido da hannu ne ke aiki: fitila a hannu, faranti na jijjiga taya, shi kuma yana bin rotil ɗaya bayan ɗaya, kiremayer ɗin sitiyari, silanbulok, rulma, robar kardan (sandar da ke juya taya), bututun birki, tankin mai, eshapma da ƙashin shasi. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, Kanada da arewacin Amurka da Jamus, sun sha gishirin da ake zubawa a titi, sukan zo da tsatsar da ta ci bututun birki na ƙarfe da wurin da amotisar ke zama. Sama tana ƙyalli, ƙasa tana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Da yawa daga na Amurka kuma motocin haɗari ne da aka saya a gwanjo aka miƙe. Walda a kan ƙashin shasi, ko baƙin kwalta da aka shafa sabo a wuri guda, alama ce da ya kamata a tsaya a kanta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gara ya san ta ina. Shawararmu ga mai shirin sayen okaziyo ita ce ya sa sharaɗi: mota ta hau rami da gangunan birki kafin a kammala biya, ba bayan an yi walimar saye ba. Robar kardan da ta yage ƙaramin abu ce a ido, amma da yashin Talaje ko Bobiyel ya shiga, wata biyu ya isa ya cinye kardan ɗin da ya ninka kuɗinta sau da yawa.

Taya ta fi kowane sashe jawo gardama. Ƙa'idar zurfin zane milimita 1.6 ce, kuma akwai ƴan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna an kai iyakar. Sai dai a Yamai ba ƙarewar zane ce ta fi kashe taya ba, tsufa ne da zafi. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai alƙaluma huɗu: 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. Masu ƙera taya suna ba da shawarar a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta cika biyar, a cire ta in ta kai goma ko da zanenta bai taɓu ba, kuma a kan kwaltar watan Afrilu bai kamata a jira goman ba. Tayoyin okaziyo masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe na hunturun Turai ne, robarsu laushi gare ta, zafi yana cinye ta da sauri. Kumburi a gefe, tsagewa, facin da aka yi a kafaɗar taya, ko taya biyu masu girma dabam a gaba ko a baya, duk dalilan faɗuwa ne, kuma da gaskiyar ma'aikaci. Iska a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin bar 2.2 da 2.4 ga ƙananan motoci, a auna da safe kafin taya ta ɗumama. Mai faci da ke auna iska da bugun ƙarfe ba ma'auni ba ne.

Fitila abu ne da mutum zai iya gyarawa a ƙofar gidansa. A tsayar da mota a wuri mai daidai, mita 10 daga bango, a kunna kod, wato fitilar da ke haska ƙasa. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, layin hasken a bango ya kamata ya sauka ƙasa da haka da santimita 10 zuwa 15. A jikin fitilar ana rubuta adadin, misali 1,0% ko 1,2%. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, in ba a sauya mata fitilu ba, haskenta yana ɗagawa ta hannun masu tahowa, kuma babu saitin da zai gyara wannan sai sabuwar fitila. Haka farin ƙwan LED da ake cusawa cikin fitilar da aka ƙera don ƙwan halojen: direba yana ganin kamar ya ƙara haske, alhali watsa shi ya yi cikin idon jama'a a kan gadar Kennedy. Sauran kuwa, kilinyota, fitilar birki, ta baya, ta lamba, oda, madubi, goge gilashi da bel, minti biyar ne tare da yaro ɗaya da zai tsaya a baya yana faɗa maka wadda ta kama.

Gwajin hayaƙi yana da nasa shiri. Injin ya zama ya ɗumama sosai, a yi tafiyar minti 15 zuwa 20 kafin a shiga. Ga mai gazuwal, ana taka totur har ƙarshe mota na tsaye, don haka a duba man inji, kuma wanda bel ɗin cikin injinsa ya wuce wa'adi ya sauya shi tukuna. Baƙin hayaƙi galibi filtar iska ce da ƙurar hunturu ta toshe, ko anjekta da ke zubar da mai. Shuɗi man inji ne ke ƙonewa. Farin da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi ruwa ne ke shiga. Okaziyo da yawa suna isowa an yanke musu katalizar, matatar hayaƙi, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, an maye gurbinta da bututu. Motar esans mai katalizar tana fitar da iskar CO ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100, wadda aka cire wa kuwa tana ninka haka, ga fitilar inji da ba ta mutuwa a allo. Cire ƙwan fitilar ba gyara ba ne. A bar na'urar kwamfuta ta karanta laifin.

Inda hidimar ta gaza kuwa, wuri uku ne. Na farko bayani. Takardar sakamako da Faransanci take, da kalmomin injiniya, alhali mafi yawan masu tasi da faba-faba da Hausa da Zabarmanci suke aiki. Mutum yakan fito da takarda a hannu bai san ko rotil na sama ake nufi ko na sitiyari ba, ya je gareji a sauya masa abin da lafiyarsa ƙalau. Minti biyu na bayani a bakin rami zai kawar da wannan. Kafin a kai can, mai mota ya tambaya da ladabi: "Malam, don Allah nuna mini wurin da idona." Ya ɗauki hoton allon birki da wayarsa in an yarda, ya kai wa makanikensa alƙaluman, ya kuma tambayi wa'adin dawowa don sake gwaji da abin da za a biya kafin ya bar harabar.

Na biyu jira a rana, wanda tsarin ba da lokaci ta waya zai rage. Na uku shi ne mafi muni, kuma masu mota suna da hannu dumu-dumu a ciki: ƴan kamasho da ke tare mutum tun daga bakin titi suna cewa "Alhaji, kawo takardun, ba sai ka sha rana ba." Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a nan ita ce gaggawar mai mota. Takardar da aka samu mota tana gida ba ta ƙara wa birki ko kilo ɗaya na ƙarfi. Haka masu aron taya da fitila na yini ɗaya su mayar da yamma. Motar da ke ɗaukar yara zuwa makaranta, ko fasinja goma sha takwas zuwa Birnin Ƙonni, ita ce ake yaudara, ba ma'aikaci ba.

A kuma san iyakar bizit ko da an yi shi da gaskiya. Ba a kwance komai, hoton lafiyar mota ne na wannan safiyar. Ba ya duba radiyeta da fanka, waɗanda su ne ke ajiye mota a gefen hanya a bazara. Ba ya faɗin lafiyar akwatin giya ko yawan man da injin ke sha. Ba ya tabbatar da kilomitar da ke allo, ballantana ta Amurka da ke ƙirga mil, wanda kowane ɗaya kilomita 1.6 ne. Haka jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka yi wa kiranye mafi girma a tarihin motoci saboda zafi da danshi suna lalata sinadarin cikinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe: tana cikin Corolla da Yaris da Honda da yawa na shekarun 2000 zuwa farkon 2010, kuma wadda aka fitar kafin a sauya mata tana nan da ita. Ana bincika wannan da lambar shasi a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera motar.

Sabuwa dal ɗin ma, hutun da aka ba ta na shiga layi ne kawai. Dalilin hutun shi ne ta fito da shaidar masana'anta, sassanta ba su gaji ba, tana kuma ƙarƙashin garanti, wanda a Toyota galibi shekara uku ne ko kilomita 100,000. Amma an yi wannan lissafi ne a kan titunan da ba su da ramukan damina da jar ƙasa mai kunya-kunya. A ranar karɓa a duba abu huɗu: iskar taya, domin masana'anta kan cika ta fiye da ƙima saboda zaman jirgi, robobin da wasu kamfanoni ke cusawa cikin naɗaɗɗen ƙarfen ƙafar mota don jigila, waɗanda in an manta da su mota takan yi tauri kamar amalanke, ranar ƙirar tayoyi, da ƙarfin batir. Ta Dubai da ta daɗe a tsaye a ƙara mata da juye man inji da man birki, a lura da tsatsar disk da tayar da ta shafe ta wuri guda, wadda ke sa sitiyari rawa a gudun 80 zuwa 100. Sannan a nemi sanin ko an taɓa yi mata rajista a can, domin in an yi, agogonta ya fara ƙirga tun daga wannan rana. Bayan daminar farko, ko bayan kilomita 20,000, a kai ta a auna saitin ƙafa da birki ko da babu wanda ya nemi takarda, a ajiye sakamakon tare da littafin garanti, don in amotisar ko kiremayer ya fara yoyo kafin wa'adi ya cika, da wannan takarda za a koma wa dillali.